Akwati na Biyar

Alhamis, 18 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Sanyi ya kai talatin da ɗaya ƙasa da sifili. Wannan littafin a aljihun teburin kicin na tsinto shi, ragowar wanda nake rubuta haihuwar shanu ne, mu da rabonmu da saniya shekara ashirin. Ba laifi, takarda ba ta tsegumi.

Ɗakin shanu ya tafi. Jiya da rana tsaka ina fere dankali na ji fas-fas a bayan gida kamar an sa ɗanyen itace a murhu. Na leƙa taga, farin hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin motar kwana-kwana ta iso daga ƙauye rufi ya rufta. Gidan bai taɓu ba, in ban da fentin bangon baya da ya ɗaɗɗaye. Ni da maigida Sulo lafiyarmu ƙalau, haka na faɗa wa duk wanda ya bugo waya har bakina ya gaji.

Batir ne. Shekara biyu ke nan 'yarmu Tellervo ta sa aka kafa mana shi, saboda duk lokacin sanyi ƙanƙara sai ta karya itatuwa a kan wayoyi mu kwana uku ba wuta. Akwatuna biyar ne bisa juna cikin kabad na ƙarfe, kowanne ya kai nauyin buhun dankali. Masu kafawar suka ce ba a sa shi inda mutane ke kwana, shi ya sa aka kai shi ɗakin shanu.

Ilpo ne ya jagoranci kashe wutar, ɗan maƙwabciyata Kerttu. Yau shi ne shugaban 'yan kwana-kwanan ƙauye, da furfurarsa da komai, amma ni har gobe yaron nan nake gani mai majina da ke zuwa roƙon burodi mai zaƙi. Awa biyar suna ba ta ruwa, ta kwanta ta sake tashi.

Tellervo ta bugo daga Oulu. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Mama, ina Baba yake lokacin?" Na ce yana kicin tare da ni. Gaskiya na faɗa, yana kicin. Ba ta tambayi wani abu ba, ni ma ban ƙara ba. Tun kaka, ranar da aka tsinto shi a bakin daji yana neman shanun da muka sayar, ta yanke mini maganarta: in aka sake, ko ƙaramin abu ne, sai gidan tsofaffi na Kajaani. Ta riga ta sa sunansa a layi. Shekara hamsin da biyu ban taɓa kwana rufi daban da shi ba, sai lokacin da na haifi ita mai maganar.

Juma'a, 19 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Na wanke kaina sau biyu, warin yana nan.

Asabar, 20 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Ilpo ya zo shan kofi. Na san ba kofi ne ya kawo shi ba, don hular ma a hannu ya riƙe ta yana ta murzawa.

Ya ce, "Inna Aune, zan yi tambaya, kada ki ji haushi. Wancan makon da aka kwana uku ba wuta, bayan an dawo da ita, akwai wanda ya taɓa kabad ɗin?"

Na ce, "Wa zai taɓa? Ni da ko rediyo sai na sa tabarau kafin in murɗa."

Ya ce irin wannan batir ba ya son caji yana daskare. In aka tilasta shi, wasu 'yan tsinkayen ƙarfe ne ke tsirowa a cikinsa, ido ba ya ganinsu, su yi ta huda bangon da ke tsakani. Zai iya yin shiru kwana biyar, zai iya yin wata guda, rana ɗaya ya tashi shi kaɗai. Shi ya sa aka yi masa ma'aunin zafi, in sanyi ya kama shi ya ƙi karɓar wuta har sai ya ɗumama. "Abin da ban gane ba, Inna, yadda aka yi wannan ya karɓa."

Na ƙara masa kofi.

Ruwan da suka zuba ya daskare, wurin ya zama dutse guda, sai an samu sauƙin sanyi za a fasa. Sannan mai bincike zai zo daga Kajaani a ƙirga akwatunan a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan Sulo yana zaune yana yanka baƙin burodi sirara-sirara yadda yake so. Can ya ɗago ya ce, "Yaya dokin babanka? Ƙafar ta warke?" Ilpo ya ce, "Ta warke, Baba Sulo." Uban ya shekara goma sha biyar a makabartar bayan coci, dokin kuwa tun Ilpo yana firamare. Yaron yana da tarbiyya, wannan kam Kerttu ba ta yi asara ba.

Da ya tafi na zauna haɗa safa. Ta ulu mai ruwan toka ɗaya ce ta rage. Gorar ruwan zafin da nake sawa a ƙafa ita ma babu. Na san inda suke.

Litinin, 22 ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ana wata ga wata.

Na buɗe lungun ƙarƙashin matakala zan ɗauki tsintsiya, sai ga buzun tumaki a ƙasa an lulluɓe wani abu da shi, an tsuke gefe da gefe yadda ake wa jariri. Na ɗaga. Akwatin batir ne, fari, da 'yar jar waya a gefensa. Na zauna a ƙasa.

Na kira shi na ce, "Maigida, mene ne wannan?"

Ya ce, "Na ƙasan ne. Shi ya fi kusa da daɓe, sanyi ya fi cinsa. Bar shi ya murmure."

"Yaushe ka shigo da shi?"

"Jiya." Kullum jiya ce a wurinsa. Lallai kafin Laraba ne, tunda bayan Laraba ba abin da ya rage a can.

Na ce, "Sauran huɗun fa, ka san abin da ya same su?"

Ya ce, "Su ai za su jure."

Ba zan ga laifinsa ba, Allah ya sani. Haka aka tashe mu. Surukata, Allah ya jiƙanta, cewa take abu mai amfani ba ya kwana waje. Duk lokacin sanyi, da magariba Sulo zai kwance batirin tarakta ya rungumo shi, ya shimfiɗa jarida kusa da murhu ya ajiye, da safe ya mayar, bugu ɗaya ta tashi. Maƙwabta suna can suna fama da nasu, shi ya riga ya kai daji. 'Yan raguna nawa suka kwana a kwando a kicin ɗin nan? Shekarar da sanyi ya kai arba'in da ɗaya, saniyarmu ta haihu, ya naɗo maraƙin a bargonmu na aure ya shigo da shi. Kwana uku yana nan yana ɓata mini daɓe, Tellervo tana shekara bakwai tana ba shi madara da yatsa. Na yi masifa ranar, yau kuwa da za a dawo mini da kicin ɗin nan da warinsa, da gudu zan karɓa.

Bari in rubuta in huta, tunda takarda ce. Ranar Juma'ar da wuta ta dawo, batir ya ƙi caji, jar fitila kawai yake nunawa. Na kai wa Sulo kofi ɗakin shanu na same shi ya kwance murfin kabad, ya zaro wata 'yar waya mai kai kamar ƙwayar wake, ya cusa ta cikin safa tare da gorar ruwan zafi. Jim kaɗan fitila ta koma kore. Ya juyo yana murmushin da na shekara biyu ban gani ba, ya ce, "An ce mai wayo ne, ga shi safa ta yi masa wayo." Na yi dariya. Na ce masa hannunka bai tsufa ba, tsoho. Ban san ma'aunin zafi ba ne, ban san komai ba, amma na yi dariya, kuma na ji daɗi har cikin raina.

Wannan akwatin shi ma ya sha cajin nan tare da 'yan'uwansa. In na kira Ilpo ya ɗauke shi, ya san wanda ya shigo da shi. In Ilpo ya sani, takarda ta sani, Tellervo ta sani.

Talata, 23 ga Janairu, ƙarfe uku na yamma

Na fitar da shi. Na jira Sulo ya yi barcin rana, na mirgina akwatin kan kwandon roba mai igiya da muke jan itace da shi, na ja shi har bayan ɗakin sauna da muke wankan tururi, nesa da komai. Shekara saba'in da huɗu ba wasa ba ce, sau huɗu na tsaya hutu, bayana kamar an sare. In zai ci wuta ya ci can shi kaɗai. In an fasa ƙanƙarar ɗakin shanu zan san yadda zan jefa shi cikin tokar a ƙirga biyar.

Laraba, 24 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Ya dawo da shi. Har da buzun.

Alhamis, 25 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Miyar wake yau, tunda Alhamis ce, gobara ba ta canza kalanda ba. Kerttu ta zo da sandunanta biyu tana haki.

Ta ce, "Tsohuwa, kin rame. Ko gobarar har kitsenki ta ci?"

Na ce, "Ta ci, ta kai miki ajiya."

Ta nufi lungun matakala za ta rataye rigar sanyi yadda ta saba shekara arba'in, na fizge rigar na ce ƙusar ta karye. Ta dube ni ta dubi lungun.

Muna cin abinci ta ɗauko zancen daren rawa a zauren ƙauye, shekarar da muka cika ashirin da ɗaya. Motar katakon babana ta daskare a ƙofar zaure, maza shida suka tura ta ƙi. Wani dogon saurayi mai kunnuwa ya kwance batir ya sa cikin rigarsa ya kai bakin murhun zaure, ya debo garwashi a kasko ya tura ƙarƙashin inji, ya ce kowa ya koma rawa. Ya nemi in yi rawa da shi har batir ya yi ɗumi. Rawa uku muka yi, ya taka mini ƙafa a duka ukun. Mota ta tashi. A hanya babana ya ce, "Wancan mai kunnuwan ɗan wa ne?" Daga nan na san magana ta ƙare.

Kerttu ta ce, "Ni fa na fara ganinsa."

Na ce, "Gani ai ba ci ba ne."

Sulo yana jinmu yana dariya, ban sani ba ko ya gane shi ne mai kunnuwan.

Da na raka ta ƙofa ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Aune, ni na kai nawa mijin gidan tsofaffin nan, kin sani. Ba sa zagi, ba sa duka, abinci mai kyau, ɗaki da ɗumi. Wata takwas ya yi, kullum na je da takalmi a ƙafarsa nake samunsa, yana jiran in ɗauke shi. Ba cewa nake ki yi kaza ko kaza ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, taki kuwa ta gama faɗa."

Na ce ta kula da santsi a bakin rijiya.

Asabar, 27 ga Janairu, ƙarfe ɗaya na rana

Jiya na sake fitar da shi, wannan karon har bakin gona, na binne shi cikin dusar ƙanƙara na share wurin da reshe. Mutumin da zai ci abinci ya tashi ya tambaye ni yaushe za a ci, shi ne ya bi sawun kwando bai kuskure taku ɗaya ba. Tsohon maharbi ne, na manta. Kan ne yake tafiya, ƙarfin yana nan, ido yana nan.

Sai na sa wa lungun kwaɗo na ɓoye mabuɗi. Da na fito daga banɗaki na same shi ya ajiye akwatin a kan jarida dab da murhu, itace yana ci. Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba. Shekara hamsin da biyu ban taɓa yi masa irin wannan tsawar ba. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Uwargida, me na yi?"

Na buɗe kwaɗon. Gara lungun da bakin murhu. Na ciro ƙararrawar hayaƙi daga bangon falo na rataye ta a ciki.

Lahadi, 28 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Yau rana ce mai kyau, ina so in rubuta ta kada ta ɓace.

Sanyi ya sauka zuwa goma sha biyu, rana ta leƙo saman itatuwa kusan awa biyu. Ya faso itace da kansa ya hura sauna. Ya kira ni da sunana, Aune, ba uwargida ba, ya ce in juyo ya cuɗa mini baya. Ya tuna a ɗakin nan aka haife shi, ya tuna babansa ya gina ɗakin shanu da gungumen da suka jawo da doki shekarar da aka dawo daga yaƙi, ya faɗi sunayen shanunmu goma sha ɗaya a jere yadda suke tsayuwa. Ni ma sai na ji ni a can, da asuba, goshina a jikin saniya, numfashinsu ya ɗumama ɗakin har ba ka bukatar safar hannu, madara tana ƙara a bokiti, shi yana can baya yana kwasar kashi yana waƙa ba murya. Mun gaji a zamanin nan, mun yi faɗa, amma ban taɓa jin tsoro ba.

Muna dawowa gida ya tsaya ya dubi baƙin tudun da ya rage. Ya ce, "Wa ya rushe wancan?" Na ce tsufa ya yi. Ya gyaɗa kai.

Mun koma kwana a ɗakin ƙasa. Rigunan sanyi da takalma ina ajiye su ƙarƙashin taga, na gwada tagar tana buɗuwa. Barci kuwa sai dai a ce an kwanta.

Talata, 30 ga Janairu, ƙarfe goma sha biyu na rana

Tellervo za ta zo Juma'a ta yi mako. Ta ce in gyara mata ɗakinta na sama. Na ce ga falo, ya fi ɗumi. Ta ce, "Haba Mama, a falo kamar baƙuwa? Gadona nake so."

Ɗakin sama hanyarsa ɗaya ce, matakala. Tagarsa ko kyanwa sai ta matse.

Laraba, 31 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Na ɗaga buzun. Murfin ya kumbura, kaɗan dai, amma Litinin ba haka yake ba. Na sa tafin hannu, da ɗumi. Na ce wa kaina ai buzun ne. Akwai kuma wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na man goge farce.

Na hau sama na shimfiɗa mata zanen gado. Takardun makarantarta suna nan a bango, da hotonta riƙe da maraƙin nan. Na sauko ina ƙirga matakala, goma sha uku ne, akwatin yana ƙarƙashin ta biyar.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Na ɗauki waya sau uku na ajiye.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

An gama.

Ban gama bayani ba Ilpo ya ce, "Ku fita yanzu, Inna. Kada ki taɓa shi, kada ki ɗauki komai." Minti ashirin suka iso, shi da mutum biyu, da abin rufe fuska da manyan safar hannu da duron ƙarfe cike da yashi. Ni na fita, Sulo ya ƙi. Da ya ga sun nufi lungun sai ya tsaya a bakinsa ya buɗe hannuwa.

Ya ce, "Ina za ku kai shi cikin wannan sanyi?"

Ilpo ya cire abin fuskarsa don ya gane shi. Ya ce, "Baba Sulo, ba shi da lafiya ne, za mu kai shi a duba."

"Ni nake duba shi. Wa ya kira ku?"

Ina bakin ƙofa, da na yi shiru da shi ke nan, nan da awa guda ya manta ya yi tambayar. Amma idonsa yau a buɗe yake, shi ne da kansa a ciki. Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Uwargida, ke?"

Ya sauke hannuwansa ya bi ta gefena ya fita, ko hula babu. Na bi shi da ita, ya karɓa bai dube ni ba.

Da suka sa duron a mota Ilpo ya dawo. Ya ce, "Kwana nawa yana nan?" Na ce goma sha shida, a lissafina. Ya ce, "Ke kuma kwana nawa da sani?" Na ce goma. Ya shafa kansa, sannan ya ce, "Inna Aune, dole in rubuta." Na ce, "Rubuta. In an fasa ƙanƙarar za ku ga gorar ruwan zafi a jikin ma'aunin, in ba ta narke ba. Ka rubuta ina tsaye aka yi."

Ya ce su tsofaffin ƙauyen nan duk haka suke, komai sai a shigo da shi ɗaki, gobe zai bi gida-gida duk inda aka kafa irinsa. Ya ce batirin da daban, na yanzu daban. Na ce na ji. Da na sani ƙeya ce.

Juma'a, 2 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Na gaya mata tun ba ta cire takalmi ba, don kada ta ji a bakin wani. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a benci da jakarta a cinya.

Ta ce, "Kwana goma, Mama."

Na ce eh.

"Kuna kwana da shi."

Na ce eh.

Ta ce, "Da ban ce zan zo ba fa?"

Har yanzu ina neman amsar ban samu ba.

Ubanta ya gane ta, ya rungume ta, ya tambaye ta jarrabawa. Ni kuwa in na miƙa masa kofi sai ya ture, in ita ta miƙa ya karɓa.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Ilpo ya tare mu a ƙofar coci. Jiya da asuba akwatin ya tashi, shi kaɗai, cikin duron a filin bayan tasharsu. Ya ce harshen wutar ya fi tsawon mutum, hayaƙin kuwa shaƙa uku ta isa. Da muka zo gida Tellervo ta hau sama ta rufe ƙofa.

Kerttu ta ce in gode wa Allah na yi daidai. Na gode masa. Daidai ɗin ne dai ban ji shi a jikina ba.

Laraba, 7 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An samu ɗaki a gidan tsofaffi. Litinin. Likita ta zo jiya ta yi masa tambayoyinta, wace shekara ce, wane wata ne, ya zana agogo. Ban tsaya na ga zanen ba. Na sa hannu inda aka nuna mini.

Kwana shida ke nan bai yi mini magana ba. Ya manta da akwatin, na tabbata, don ya wuce lungun sau nawa bai ko kalla ba. Ya manta da Ilpo da duron. Abin da ya rage masa kawai shi ne na yi masa wani abu. In na shigo ya juya fuska bango. Mutumin da ba ya riƙe komai daga safe zuwa rana, wannan ɗaya ya riƙe gam.

Shekara biyu ina roƙon Allah ya bar masa tunaninsa, ko kaɗan ne. Yanzu roƙon da nake yi kunya yake ba ni. Ya Ubangiji, wannan ma ka ɗauke masa, kafin Litinin. Kada ya tafi yana fushi da ni.

Ina ɗinka sunansa a wuyan riguna, haka suka ce a yi.

Litinin, 12 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana, a mota a ƙofar gidan

Tellervo ta shiga da jaka, ta ce mu jira a kira mu. Yana gefena yana gyangyaɗi, kansa a kafaɗata, shi ya sa rubutun ya karkace.

An amsa mini roƙona. Da safe ya tashi fes, ya ce, "Ina kwana, Aune," kamar ba a taɓa yin komai ba. Ya sha kofi daga hannuna, kofi biyu. Da ya ga na fito masa da rigar coci sai ya ce ashe yau kasuwar Kajaani ce, ya yi murna, ya ce in ɗaura jan gyalen nan, ya daɗe bai ga na sa ba. Na ɗaura. Ya aske gemu da kansa, ya yanke a haɓa. Ya ce in mun gama sayayya zai saya mini kifi mai hayaƙi mu ci a bakin kogi, kada in gaya wa yarinya.

Ya kulle ƙofa ya sa mabuɗi ƙarƙashin tsintsiya yadda ya saba. Muna hawa babban titi ya waiga ya dubi hayaƙin bututunmu, ya ce, "Na dai cika murhu, zai kai yamma. Za mu dawo kafin duhu ko?"

Tellervo ta dube ni ta madubi.

Na ce, "Za mu dawo."

Ga ta can ta fito da wata mai farar riga. Bari in tashe shi.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na dawo. Duhu ya riga ya yi.